Yadda nake haɗa Turanci da lissafi a aji ɗaya, ga malaman lesin na yaranmu a Legas

Lokacin da na fara lesin ɗin yamma a nan Agege akwai wani yaro ɗan aji huɗu da babansa ke sayar da albasa a Mile 12, duk Asabar yana bin baban kasuwa, kuma na taɓa tsayawa a rumfarsu na gani da idona yadda yake ba mutum uku canji a jere ko kalkuleta bai taɓa ba. Amma in ka duba rifot ɗinsa na makaranta lissafi kullum ja ne. Wata rana na rubuta masa a allo "A boy has 12 oranges. He sells 5. How many are left?" sai yaron ya yi shiru yana ta kallon hannunsa na hagu, don a makaranta an koya masa "left" hagu ne. Na maimaita masa da Hausa, lemu sha biyu an sayar da biyar saura nawa, wallahi ban rufe baki ba ya ce bakwai Malam.

Tun daga ranar na daina raba lokaci biyu, rabi Turanci rabi lissafi. Yawancin yaranmu na Agege da Idi-Araba da Alaba Rago da Mile 12 ba lissafin ne ke ba su wahala ba, a kasuwa suka buɗe ido, harshen da aka yi tambayar da shi ne ke kayar da su. Ka duba nauyin da ke kan yaro ɗaya, a gida Hausa, a layi Yarbanci da broka, a islamiyya Larabci, a boko Turanci ga kuma darasin Yarbanci da dokar jihar Legas ta 2018 ta wajabta. Kuma can gaba Turanci da lissafin nan su ne dai ke tsare yaro a WAEC da NECO. Toh ga yadda nake yi, wanda ya ga zai yi masa amfani ya ɗauka ya gyara daidai da ajinsa.

Mataki na farko, ka fara gano inda ciwon yake

Kafin ka koyar da komai ka shirya tambayoyi goma masu sauƙi, tarawa da ɗebewa da ɗan rabawa. Ranar farko ka ba su a rubuce da Turanci. Washegari ka canja lambobin ka yi musu irin tambayoyin da baki da Hausa, su rubuta amsa kawai. In ka aje takardun biyu gefe da gefe zaka ga ajin ya rabu da kansa: wanda ya ci na Hausa ya faɗi na Turanci harshe ne matsalarsa, kuma su ne suka fi yawa a wajena, wanda ya faɗi duka biyun shi yana bukatar ka koma da shi ƙirga da hannu, wanda ya ci duka kuma ka samu mataimaki, shi zaka riƙa ɗorawa a kan rukuni. Kar ka faɗa musu maki, ka aje takardun kawai don bayan wata biyu zaka maimaita.

Na biyu, kayan aiki

Ba sai ka kashe kuɗi ba. Marfin kwalbar lemo ka sa yara su tara maka kamar ɗari biyu a wanke da omo, kwalin indomi ko na sabulu a yanka kati, maka guda biyu, gwangwanin madara da na tumatir da babu komai ciki, tef ɗin tela ɗaya, tsohuwar kalanda. Kuɗin wasa ku yanka kwali ku rubuta 5, 10, 20, 50, 100, 200, 500 da 1000 da hannu, dan Allah kar ka kai Naira ta gaske a yi maka fotokwafi, wannan abu ne da zai iya jawo maka magana. Duk a zuba a bako ɗaya, tunda yawancinmu aron aji muke ko barandar masallaci, in an tashi sai a kwashe.

Na uku, lambobi a kunne kafin a takarda

Nan ake saurin wucewa kuma nan ne gizo ke saƙa. Yaro zai rera maka one two three har ɗari kamar karatun allo amma in ka ce ya miƙo maka marfi "thirteen" sai ya tsaya yana tunanin sha uku ne ko talatin. Dalili a fili yake, mu goma muke fara faɗa sannan uku, goma sha uku, su kuma ukun ke zuwa farko sannan wutsiyar "teen", kuma tsakaninta da "ty" ɗin talatin ɗan jan murya ne kawai. Abin da nake yi kowane yaro na ba shi kati biyu, ɗaya 13 ɗaya 30, in kira ɗaya kowa ya ɗaga wanda ya ji, ba magana. Sai mu wuce 14 da 40, 15 da 50, har 19 da 90. Ina ce musu ta sha ita ce mai doguwar wutsiya, a ja ta, kuma tana ƙarewa da n, in ka gama faɗa harshenka na manne a sama. Bayan kwana biyu sai in sauka daga gaban aji, su riƙa kira wa junansu bibbiyu, a nan ne mai kiran ma zai gane in bai ja ba abokinsa katin da ba shi ba zai ɗaga.

A cikin wannan wasan nake shigar da maganar f da p, tunda a Hausa ba mu bambanta su, shi ya sa fifty ke komawa wani abu daban a bakinmu har yaran layi su riƙa tsokanarsu, kuma tsokanar nan tana sa yaro ya ƙi buɗe baki gaba ɗaya. Ka yago ɗan siririn takarda kowa ya riƙe a gaban leɓensa, in ya ce "pan" leɓe biyu sun haɗu takardar ta yi tsalle, in ya ce "fan" haƙoran sama na kan leɓen ƙasa iska na fita a hankali. Four, five, fifteen, fifty, forty-five, minti uku kullum ya isa, kar ka mai da shi darasin yini.

Na huɗu, shago a cikin aji

Wannan shi ne ƙashin bayan abin, ni sai in yi sati uku a kansa ban gaji ba. Ka juya benci ɗaya ya zama teburin mai kaya, a jera gwangwanaye da kwalaye, marafen kwalba a kasa su kashi-kashi a matsayin tumatir da attaruhu. Farashi kar ka ƙirƙira, ka tambayi yaran nawa ake sayarwa yau, sun fi ka sani, su rubuta a kati su liƙa. Jimla huɗu kacal nake rubutawa a allo ranar farko: "How much is this?", "It is two hundred naira.", "Give me three, please.", "Here is your change." Ni da yaro ɗaya mu fara yi a gabansu sau biyu, sannan layi ya kama, mai saye da kuɗin kwalinsa, mai kaya a zaune, ga kuma na uku a gefe da littafi wanda muke kira akawu, aikinsa ya rubuta cinikin da lambobi, 3 × 200 = 600, 1000 − 600 = 400, sannan ya karanta da ƙarfi da Turanci. Akawun nan kar ka yi wasa da shi, shi ne gadar da ke haɗa lissafin ka da na takarda, kuma kowa sai ya zauna a kujerar.

Za su fara da broka, "how much be dis one", kar ka yi tsawa. Ina ce musu wannan na layi ne yana da amfaninsa a layi, na jarrabawa kuma ga shi a allo, sake faɗa. Shikenan.

Rana ta biyu ko ta uku sai a shigo da tayi, don ciniki ba tayi ai ba ciniki ba ne. "It is too expensive." "Can you reduce it?" "What is your last price?" Nan aji ke ɗaukar zafi. Na tuna wata yarinya da ta yi kusan wata ɗaya ban ji muryarta da Turanci ba, mamanta na sayar da awara a ƙofar gida, ranar da ta zauna kujerar mai kaya wani yaro ya taya kayan ɗari biyar a ɗari biyu sai ta riƙe ƙugu ta ce masa "No, my last price is four hundred and fifty", ta ƙirgo masa hamsin ta aje a tafin hannunsa, ajin gaba ɗaya ya hau tafi. Daga cheap da expensive sai ka wuce cheaper da more expensive da kaya biyu a hannu. Masu ɗan girma kuma ka kai su ga uwar kuɗi da riba, ya saro kiret ɗin ƙwai mai guda 30, ya sayar ɗaiɗai, nawa ya ci, a nan cost price da selling price da profit da loss ke zama musu abin da suka riga suka sani sabon suna kawai aka sa masa. Wani abu da ke faranta musu rai shi ne in na gaya musu kalmar jara da duk Legas ke faɗa a kasuwa gyara ce tamu ta Hausa, sai mu koyi extra a kanta.

In kana da Naira ta gaske a aljihu ka ɗan nuna musu fuskokin, Tafawa Ɓalewa a kan biyar, Murtala a kan ashirin da Ladi Kwali mai ginin tukwane a bayanta, Awolowo a ɗari, Sardauna a ɗari biyu, Azikiwe a ɗari biyar. "Who is this?" "What colour is it?" "What is she doing?" Ka samu darasin launi da na tarihi a kyauta.

Na biyar, danfo, motar hayar Legas

A jera benci uku ya zama mota, direba ɗaya kwandasta ɗaya. A allo ka zana layi ka sa tashoshin da suka sani, mu nan Oshodi, Shogunle, Ikeja Along, Mangoro, Dopemu muke sawa, in kana ɓangaren Mile 12 sai ka bi titin Ikorodu, Ketu, Ojota, Maryland, Anthony, Fadeyi. Mota ta tashi da mutum 14, a tasha ta farko biyar suka sauka uku suka hau, ka tsai da motar ka tambaya "How many passengers are in the bus now?" su ƙirga kawunansu su ga sha biyu. Get on, get off, before, after, next, first, second, last, duk a nan suke shiga jiki saboda da ƙafa aka yi su. Kwandasta kuma ya karɓi kuɗin mota ya ba da canji, har irin abin nan da suke yi na haɗa fasinja biyu da takardar kuɗi ɗaya ta canji su je su raba, wannan ma tambayar rabawa ce mai kyau. Ka bar mai sauka ya yi ihun "o wa" ɗinsa na Yarbanci, wato akwai mai sauka, tukunna sannan ya ce "I want to get off here", in ka hana su wannan ka kashe daɗin wasan. Sai dai ka faɗa wa malamin da ke maƙwabtaka da kai tun da wuri, akwai hayaniya.

Na shida, kalmomin da ke ɗana tarko

Duk kalmar da ta kayar da yaro a cikin wasannin nan ka rubuta ta a babban kwali da ke rataye, kalmar, alamar lissafinta, da misali ɗaya da ya faru a ajin. Altogether da total da sum tarawa. Left da remain da take away ɗebewa. Share da each rabawa. Difference tana da wuyar sha'ani don yaro zai ce maka bambancin 9 da 6 shi ne ɗaya ta kalli sama ɗaya ta kalli ƙasa, kuma bai yi ƙarya ba, sai ka jera marafe tara a sama shida a ƙasa ya ga ukun da suka yi saura ba abokin zama. Haka table, tebur ne kuma jadawalin sau ne. Borrow da lend su ma ka yi su da biro a hannu, don mu ara ɗaya ce, ara mini na ara, shi ya sa suke cewa "borrow me". Amma ka gargaɗe su kar su zama masu farautar kalma, su ga "more" su hau tarawa, alhali "How many more" ɗebewa take nema. Maganinsa kafin a taɓa biro a fara faɗin labarin tambayar da Hausa, me aka ba mu, me ake nema.

Na bakwai, agogo da awo da rabo

Agogo da faranti na takarda ko kwali da tsinke biyu, kowa ya yi nasa. Kwata da minti da awa duk daga Turanci muka aro su saboda haka rabin aikin ya ƙare, abin da ya rage juyi ne, mu muna cewa huɗu saura kwata su kuma "quarter to four", kwatar ce a gaba. Ka yi amfani da ranarsu ta gaske, ƙarfe nawa ake kiran asuba a masallacinku, ƙarfe nawa kake fita makaranta, yaushe ake tashi islamiyya, awa nawa Baba ke yi a go-sulo kafin ya iso gida.

Awo kuma ku fara da taƙi da taku, kowa ya auna benci da taƙinsa, amsoshi su sha bamban, babba ya ce bakwai ƙarami ya ce goma, sai ka bar su su yi musu kaɗan kafin ka fito da tef ɗin tela, sun gane da kansu dalilin santimita da inci. Long, longer, longest, short, tall, a jera su a bango a auna tsayinsu. Yadi inci 36 ne, turmin atamfa yadi shida, 'yan mata sun fi kowa saurin wannan. Na ruwa kuma ledar fiya wata mai 50cl biyu lita ɗaya, jaka mai guda ashirin lita goma, mai ruwa da jarka goma masu lita 25 a kurarsa nawa ya turo. In za ka iya kawo derika da robar fenti da ake awon shinkafa da gari da su a nan, su cika su ƙirga, full, empty, half full.

Rabo da burodin Agege nake yi, guda ɗaya, a yanka biyu half, a sake yankawa quarter, a tambaya "Which is bigger?" kafin a ci. Da yawa za su ce ɗaya bisa huɗu ta fi ɗaya bisa biyu tunda huɗu ta fi biyu, ka miƙa wa mai wannan amsar ƙaramin yankin ka ba na kusa da shi babban, ba ya sake mantawa.

Na takwas, abin da zai cece shi a titi

Wannan ina ɗaukarsa da muhimmanci sosai don Legas gari ne da yaro ke ɓata cikin minti biyar. Kowane yaro sai ya iya faɗin cikakken sunansa da sunan layinsu da tashar mota mafi kusa da lambar wayar babansa ko mamansa da Turanci, lamba sha ɗaya ɗaya bayan ɗaya a tsanake, ya kuma san 112 da 767 na neman agajin gaggawa a jihar nan. Muna yinsa kamar wasan kwaikwayo, ɗaya ya ɓata ɗaya jami'i, jami'in ya rubuta abin da ya ji a allo a duba ko daidai ne. Lambobin gaske a littafin yaro kaɗai suke zama, na allo na ƙirƙira ne.

Sai kalanda. Yaranmu ba su san Lahadi da Litinin da Talata da Laraba da Alhamis ƙirga ce ta Larabci daga ɗaya zuwa biyar ba, in ka nuna musu sai ka ga ido ya buɗe, daga nan first, second, third su zo da sauƙi. Da damina mu kan sa alama a kalanda kullum, rainy, sunny, cloudy, ƙarshen wata a ƙirga a jera marafe layi-layi a ƙasa, ga jadawali ya fito ba tare da an kira sunansa ba. Haka muke yi da tambayar "Where is your family from?", layin Kano, layin Katsina, Sakkwato, Zamfara, Nijar, da waɗanda za su ce maka su nan aka haifi kakansu.

Yadda nake raba awa ɗaya, da maganar Hausa a aji

Minti biyar katin lambobi, goma in nuna sabon abu da jimlolin ranar waɗanda ba sa wuce huɗu, ashirin da biyar wasan kansa, sha biyar rubutu, biyar na ƙarshe kowa ya faɗi jimla ɗaya a bakin ƙofa kafin ya fita. Rubutun nan kar ka bari wasa ya cinye shi, kuma mafi amfaninsa shi ne yaro ya rubuta tasa tambayar daga abin da aka yi yau ya ba na kusa da shi ya amsa. Wanda ya iya rubuta "How many are left?" da hannunsa ba zai sake kallon hagu ba. In kana gyara ka raba biyun, lissafi daidai ka ba shi makinsa cikakke, kuskuren Turanci ka zaɓi ɗaya tak ka ja layi, yawanci s ɗin jam'i ne ko "she" da suke kiran mota da ita tunda a wajenmu mota mace ce.

Ni ban yarda da tara ko bulala don yaro ya yi Hausa a aji ba, na ga yadda hakan ke mai da yara kurame. Bayani da Hausa nake yi in abu ya cije, amma jimlolin wasan dole da Turanci, kuma kowane sati ina rage tawa Hausar kaɗan kaɗan.

Iyaye ma ka jawo su tun farko. Wani Alhaji mai harkar shanu a Oko-Oba ya taɓa zuwa ya same ni rai a ɓace ya ce Malam kuɗin lesin nake biya yaro ya ce mini kasuwa kuke ci da marfin kwalba. Na ce Alhaji don Allah a zauna a ga yadda ake cin kasuwar, na ba shi benci, ɗan nasa ya zauna kujerar akawu ya rubuta cinikin mutum huɗu ya karanto da Turanci. Da zai tafi na roƙe shi abu ɗaya, kullum da dare ya ba yaron lissafi ɗaya na cinikin ranar da Hausa, yaron ya rubuta shi da Turanci a bayan littafinsa ya kawo mini washegari. Yanzu aikin gida da nake ba kowa kenan, kuma daga cikin waɗanda suka kawo nake zaɓar tambayoyi goman da muke sake gwaji da su in wata biyun ya cika.